Tsofaffin gasar talabijin na Amurka: wa ke sayen abin da aka riga aka kalla?

Baban Zahra:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan. Kun san tuƙin dare nake yi, ina shigowa gida wajen ƙarfe uku ko huɗu, barci kuma ba ya zuwa kafin Asuba. Sai in kunna talabijin in rage murya kada yara su tashi. Akwai wata tasha a cikin kebul ɗinmu, Game Show Network, akwai kuma wata Buzzr, ita wannan ko eriya ka kafa a nan New York za ka kama ta. Ba su da labarai, ba su da ƙwallo, ba su da fim. Gasa ce kawai dare da rana, irin wadda ake tambaya a ba da amsa a ci kuɗi ko mota. A Buzzr ɗin yawancinsu tsofaffi ne tukuf, na 1970 da wani abu, wasu ma baƙi da fari ne.

Ranar Laraba na zauna awa biyu cur ina kallon mutane suna cankar farashin firji a wani shiri da aka ɗauka tun ban shiga firamare ba. Mai gabatarwar ya rasu, firjin ya daɗe da zama ƙarfen bola, amma wallahi sai da na ji gabana yana faɗuwa saboda wata mata da ta kusa cin mota. To tambayata biyu ce. Ta yaya kamfani zai fitar da kuɗi ya sayi shirin da kowa ya riga ya kalla? Kuma me ya zaunar da ni awa biyu?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam Baban Zahra. Ba kai kaɗai ba ne. Shagon askin da nake zuwa a Bronx ba sa canza tasha daga Family Feud, na Steve Harvey. Har musu ake yi a kan amsoshin, mai aski ya tsaya da injin a hannu.

Safiya A.:
Ina wuni Baban Zahra. Tambayarka ta farko ta faɗo daidai kan abin da muke karantawa a makaranta, bari in ɗan yi tsawo, a yi min afuwa.

Kamfanin Sony ne ya buɗe Game Show Network ranar 1 ga Disamba 1994. Kafin nan Sony ya riga ya tara rumbu babba ba tare da ya ƙirƙiro ko ɗaya da hannunsa ba. Merv Griffin, wanda ya ƙirƙiro Jeopardy! da Wheel of Fortune, ya sayar da kamfaninsa ga Coca-Cola a 1986 a kan dala miliyan 250, lokacin Coca-Cola ne ke da kamfanin fim na Columbia Pictures. A 1989 Sony ya sayi Columbia, sai duk waɗannan shirye-shiryen suka biyo shi gida. Amma rumbun da ya fi kowanne daraja ba nasa ba ne, na wasu mutum biyu ne, Mark Goodson da Bill Todman. Su ne masu What's My Line?, To Tell the Truth, I've Got a Secret, Password, Match Game, Family Feud da The Price Is Right. Wannan rumbun hayarsa tashar ta ɗauka na wasu shekaru, ba sayensa ta yi ba. Ku riƙe wannan, domin a nan rigima ta fito daga baya.

Me ya sa abin ke da riba? Saboda duk wata wahala an riga an sha ta. An biya ma'aikata tun 1975, an ba da motar, an rushe dandalin. Abin da ya rage shi ne kaset. Ka biya kuɗin haya, ka saka talla a tsakiya, shi ke nan. Ga shi kuma da yawa kamar ƙasa, domin irin waɗannan shirye-shiryen kullum ake nuna su Litinin zuwa Juma'a, galibi a yini ɗaya ake ɗaukar na mako guda. Tashar da ke buƙatar cika awa 24 ba ta da abin da ya fi mata wannan sauƙi.

Baban Zahra:
Allah ya yi miki albarka Safiya. Wace rigima ce kika ce ta fito?

Safiya A.:
Amin Baba. A Oktoba 1997 wa'adin hayar ya ƙare ba a sabunta ba. Dare ɗaya tashar ta wayi gari babu Match Game, babu Password, babu What's My Line?, sai The Price Is Right da ɗan wani yanki na Family Feud kawai aka bar mata. Suka koma cika lokaci da abin da Sony ke da shi a hannu. Masu kallo suka yi ta ƙorafi, har yau masoya tashar suna kiran watannin nan da lokacin duhu. Sai a Afrilu 1998 aka daidaita shirye-shiryen suka dawo.

Shi kuma rumbun ya yi ta sauya hannu. Todman ya rasu a 1979, Goodson a 1992. Kamfanin All American ya saye shi a 1995, Pearson na Ingila ya sayi All American a 1997, daga baya sashen ya zama Fremantle. A 2015 Fremantle suka ga babu dalilin da za su ci gaba da ba wani haya alhali kayan nasu ne, suka buɗe Buzzr ranar 1 ga Yuni, da rumbun da ya kai shiri kusan 40,000. Mai kaya ne ya buɗe shagonsa. Shi ya sa yanzu idan tsofaffin kake nema sai Buzzr, ita kuwa Game Show Network ta fi karkata ga sababbin da take shiryawa da kanta da kuma Family Feud na Steve Harvey, wanda ya karɓi shirin a 2010.

Malam Habibu Zariya:
Ni dai ban ga abin yabawa a nan ba, ku gafarce ni. Bayanin Safiya ma shi ya ƙara tabbatar min. Kamfani ya samu hanyar cin bulus, yana sayar wa mutane tuwon da ya kwana shekara hamsin. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, maimakon ya huta ko ya ɗauki Alƙur'ani kafin Asuba, an zaunar da shi yana fargabar motar da ba tasa ba. Baban Zahra, ba da kai nake ba, da masu tashar nake. Sannan a duba asalin abin. Juya ƙafar sa'a, danna maɓalli ka ci ko ka rasa, ina bambancinsa da caca?

Baban Zahra:
Malam, ko da ni kake na karɓa, gaskiya ce, awa biyun nan da na yi wani abin da su ya fi. Amma maganar caca ina ganin da sauran bayani.

Maman Khalifa:
Malam Habibu, da girmamawa, bari in faɗi abin da idona ya gani. Shekara tara ke nan ina aikin kula da tsofaffi a wani gida a nan Amurka. Yawancinsu sun haura 80, da yawa kuma ciwon mantuwa ya kama su. Akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka ina ba ta abinci, 'yarta ta cikinta za ta zo ta zauna a gabanta ba ta gane ta ba. Amma da zarar an saka The Price Is Right na zamanin mai gabatarwa Bob Barker, aka fito da garin sabulu ko gwangwanin miya, sai ka ji ta faɗi farashi da ƙarfi, kuma sau da yawa tana kusa da daidai. Domin ita ta yi cefanen gidanta a shekarun nan. A wannan rabin awar tana dawowa mutum mai sanin abin da take faɗa. Ranar farko da na ga haka sai da na fita waje na share hawaye.

Masu tashar don kuɗi suke yi, ban musa ba. Tallan da suke sakawa ma ya nuna sun san wa ke kallo, daga maganin ciwon gwiwa sai inshora sai keken guragu. Amma abin da ya isa ga tsohuwar nan ya wuce lissafinsu.

Ɗan Zango:
Allahu Akbar. Hajiya, wannan ya taɓa ni.

Malam Habibu Zariya:
Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan aiki, ba ƙaramin lada ba ne. Na yarda da abin da kika gani. Amma tsohuwar nan tarihinta ne ake nuna mata. Mu fa? Ɗan Bahaushe da aka haifa a Bronx, me zai tsinta a ciki? Na taɓa ganin guntun tsohon Family Feud a waya, mai gabatarwar yana bin matan mutane ɗaya bayan ɗaya yana sumbatarsu a baki, mazajensu na tsaye. Wannan za a kunna a falo gaban yara?

Maman Khalifa:
Richard Dawson ke nan, shi ya fara gabatar da shirin daga 1976 zuwa 1985. A nan kam ina bayanka Malam, ni ma ba na barin nawa yaran su kalli nasa. Ko a lokacin akwai Amurkawan da suka yi ta rubuta wasiƙun ƙorafi a kai. Match Game ma haka, tambayoyinsa cike suke da magana mai harshen damo, yaro ba zai gane ba amma babba ya san inda aka dosa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Password kuwa, na Allen Ludden, da shi na gyara Turancina lokacin da na zo. Kalma ɗaya ake ɓoyewa, abokin wasanka ya ba ka wata kalma ɗaya tak da za ta kai ka gare ta. Na cika littafi guda da kalmomin da na tsinta a wurin.

Safiya A.:
A kan maganar caca, Malam ya fi ni sani nesa ba kusa ba, amma abin da na fahimta shi ne wanda ya shiga gasar ba ya zuba ko sisi. Kuɗin daga masu talla yake fitowa. Idan ya faɗi, ya koma gida yadda ya zo. What's My Line? ma, inda ake yi wa baƙo tambayoyi don a canki sana'arsa, kuɗin da ake ci gaba ɗaya bai wuce dala 50 ba, dala 5 a kan kowace amsar "a'a" har sau goma. Shekara 17 aka yi ana nuna shi a tashar CBS, daga 1950 zuwa 1967, kuma ba don kuɗin ake kallo ba.

Malam Habibu Zariya:
Idan ba ya zuba nasa, to hukuncin ya sauka daga inda na ɗora shi, na karɓi wannan gyaran. Amma ina nan a kan cewa wanda aka gina a kan ilimi daban, wanda aka gina a kan sa'a da haɗama daban. Na biyun yana koya wa zuciya son samu ba tare da gumi ba, ko da halal ne kuɗin.

Baban Zahra:
Malam, tunda ka ambaci sa'a, akwai labarin da ya sa na fara bin tashar nan. Wani shiri ne Press Your Luck, an yi shi a CBS daga 1983 zuwa 1986. Allo ne mai gida 18, wuta tana tsalle daga gida zuwa gida, ka danna maɓalli ta tsaya. Ko ka samu kuɗi, ko ka faɗa kan wani jan dodo da suke kira Whammy ya kwashe duk abin da ka tara. Kowa ya ɗauka sa'a ce zalla. Sai wani mutumin jihar Ohio, Michael Larson, mai tuƙa motar sayar da askirim, ya riƙa ɗaukar shirin a bidiyonsa na gida yana tsayar da hoton yana dubawa. Ya gano wutar hanya biyar kawai take bi tana maimaitawa, kuma akwai gida biyu da dodon ba ya taɓa fitowa a cikinsu. Ya haddace su, ya tafi California a 1984, ya ci dala 110,237 a zama ɗaya. Sai da aka raba shirin gida biyu saboda tsawonsa. CBS suka bincika suka ga bai karya doka ba, suka biya shi, amma suka hana a sake nuna wannan ranar. Shekara 19 kaset ɗin yana kulle. Game Show Network ce ta fito da shi a 2003, ta haɗa da bayanin yadda ya yi, shi kuwa ya riga ya rasu tun 1999.

Abin da ya tsaya min shi ne, da an goge kaset ɗin nan, da labarin ya zama tatsuniya. Wani ya ce an yi, wani ya ce ƙarya ne.

Malam Habibu Zariya:
To ai ka ga ƙarshensa ma abin dubawa ne. Me ya yi da kuɗin?

Baban Zahra:
Ba su yi masa albarka ba gaskiya. Wani kaso ya narke a harkar filaye, wani kuma ɓarayi suka shiga gidansa suka kwashe tsabar da ya ajiye. A nan maganarka ta fito Malam.

Injiniya Bala:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba, amma Baban Zahra ya taɓo inda yake min ciwo, wato gogewa. Ni na yi aikin injiniya a wani gidan talabijin a Arewa tun farkon shekarun 1980 har na yi ritaya, don haka bari in gaya muku abin da ba a gani a allo.

Kada ku ɗauka Amurkawa sun adana komai. Sun goge da yawa, da hannunsu. Faifan bidiyo na farko da kamfanin Ampex ya fito da shi a 1956 faɗinsa inci 2 ne, nauyi gare shi, ga tsada, ga cin wuri. Amfaninsa a wurin manaja shi ne ana iya gogewa a sake ɗauka a kai. Shirin rana kuma, irin na gasa, ba wanda ya ɗauke shi abin da za a sake nema. Jeopardy! na asali, wanda Art Fleming ya gabatar a NBC daga 1964 zuwa 1975, an yi sama da 2,700, waɗanda suka tsira ba su taka kara sun karya ba. Match Game na farko, na shekarun 1960, haka. Wheel of Fortune na farkon zamanin Chuck Woolery, haka. Duk kuɗin Sony ba zai iya sayen su ba, domin babu su.

Su Goodson da Todman abin da ya bambanta su shi ne sun riƙa ajiye kwafin da yawa daga cikin nasu. Tun kafin faifan bidiyo ya zo, ana kafa kyamarar fim a gaban allon talabijin a ɗauki shirin yana tafiya kai tsaye, hoton ba ya fita tas amma yana nan. Sun biya kuɗin wannan, sun biya kuɗin ɗakin ajiya shekara da shekaru ba tare da sun san za a yi wata tasha a 1994 ba. Abin da kuke kallo yau shi ne abin da wani ya ƙi gogewa.

Safiya A.:
Baba Injiniya, sannu da zuwa, dama kai nake jira. A cikin waɗanda suka tsira akwai wanda duk lokacin da na kalla sai tsigar jikina ta tashi. I've Got a Secret, Fabrairu 1956. Aka shigo da wani tsoho mai suna Samuel Seymour, yana dab da shekara 96, sirrinsa shi ne yana cikin gidan wasan kwaikwayon da aka harbe shugaba Abraham Lincoln a 1865, yana ɗan shekara biyar. Mutumin da ya ga wannan dare da idonsa yana zaune yana magana a talabijin. Bayan wata biyu ya rasu. A What's My Line? kuma akwai Muhammad Ali a 1965, masu cankar baƙon sun rufe ido da ƙyalle yana maƙe murya kada su gane shi. Akwai Jimmy Carter a 1973, bayan an dawo da shirin, yana gwamnan Georgia, shi ko rufe ido ba a yi ba saboda ba wanda ya san fuskarsa, bayan shekara uku ya ci zaɓen shugaban ƙasa.

Malam Habibu ya tambaya me ɗan Bahaushe zai tsinta. Ni wannan na tsinta. Littafin tarihi zai gaya maka abin da shugabanni suka yi. Shirin gasa yana nuna maka yadda talaka yake sa kaya, yadda yake gaisawa, aikin da yake yi, nawa ake sayar da mota. A shirin farko na Bob Barker, Satumba 1972, motar da aka saka Chevrolet Vega ce, kuɗinta bai kai dala 3,000 ba.

Malam Habibu Zariya:
Wannan na tsohon da ya ga kisan Lincoln zan so in gani. Turo min idan da hali.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Mu a Nijar abin da muka taso da shi na Faransa ne, Questions pour un champion, da muke kallo a tashar TV5. Tun 1988 ake yin sa, Julien Lepers ya riƙe shi har 2016. Malamanmu na lise, wato sakandare, har cewa suke mu kalla don Faransanci da sanin duniya. Su Faransawa hanyarsu daban da ta Amurka, ba su bar wa 'yan kasuwa ba. Hukuma suka kafa, INA, tun 1975, aikinta ke nan tattara abin da rediyo da talabijin suka watsa ta adana. Yau za ka shiga intanet ka ga shirin 1960 da wani abu tsaf. To ko ta hanyar kasuwa ko ta hanyar hukuma, wani dai ya ɗauki nauyin. Injiniya, a wajenku wa ya ɗauka?

Injiniya Bala:
Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ke hana ni barci. Ba wanda ya ɗauka.

Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962. Ba jiya muka fara ba. Lokacin da na shiga aiki muna da kacici-kacici na makarantun sakandare duk mako, makaranta biyu su zo da motarsu da malamansu, yara huɗu nan huɗu can, tambayoyin lissafi da tarihi da addini da Hausa. Gari gaba ɗaya yake kallo, idan makarantar unguwarku ta ci har kiɗa ake yi. Ni na riƙe na'urar ɗauka a da yawa daga cikinsu. A kan kaset ɗin U-matic muke ɗauka, kuma kaset ɗin ƙidayayyu ne, daga waje ake sayo su. Ranar da babban baƙo zai zo gari, sai a ce Bala nemo kaset. In ce babu sabo. A ce ɗauko na yaran nan na makon jiya, ai an riga an nuna. Da wannan hannun nawa na goge su. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Waɗanda suka tsira daga gogewa kuma aka jibge su a wani ɗaki ba fanka ba na'urar sanyaya wuri. Faifan maganaɗisu ba ya son zafi, ba ya son laima. Yana yin danƙo ya manne da kansa, idan ka saka a inji sai ya kankare ya toshe kan injin. Wata damina rufin ɗakin ya yi yoyo. Ban ƙara shiga ba bayan nan, zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Yaran nan da na ɗauka suna da shekara 15, 16, yanzu sun haura hamsin. Wasu likitoci ne, wasu alƙalai, wasu sun rasu. Akwai wanda ya tare ni a wajen ɗaurin aure ya ce Baba ko akwai kaset ɗinmu, ina so 'ya'yana su gani. Na rasa abin da zan ce masa.

Maman Khalifa:
Innalillahi. Baba, kada ka ɗora wa kanka, umarni aka ba ka, kuma ba ka da wani kaset ɗin.

Ɗan Zango:
Baba Injiniya, Allah ya ba da lada. Amma ina da tambaya ga Safiya. Na baya-bayan nan fa? Who Wants to Be a Millionaire na Najeriya, na Frank Edoho, har mu a Kumasi muna jin labarinsa. Wannan ai ba a zamanin U-matic aka yi ba. Me zai hana wata tasha ta saya ta riƙa maimaitawa? Na tabbata za a kalla. Steve Harvey ma ya yi Family Feud da iyalan Ghana a 2020, mutane sun so shi sosai.

Safiya A.:
Za a kalla kam Yaya. An yi shi daga 2004 zuwa 2017 da tallafin MTN, kuma ranar da Aroma Ufodike ya ci naira miliyan 10 a 2009 har yanzu mutane suna neman guntun a YouTube. Inda gizo ke saƙar shi ne haƙƙin mallaka hawa biyu ne. Akwai mai tsarin shirin, wato kujerun nan biyu da kiɗan da damar kiran aboki, wannan daga Ingila ya fito a 1998, yanzu kuma yana hannun Sony. Akwai kuma wanda ya ɗauki na Najeriya da kuɗinsa. Duk mai son maimaitawa sai ya daidaita da kowanne, ga kuma sunan mai tallafi a manne ko'ina a dandalin. A Amurka ma irin wannan yana hana wasu fitowa. Bob Barker, saboda kare haƙƙin dabbobi da ya sa a gaba, bai yarda a maimaita tsofaffin shirye-shiryensa da aka ba da rigar gashin dabba a matsayin kyauta ba.

Shi ya sa na gida zalla, irin wanda Baba Injiniya ya ɗauka, ya fi sauƙin sayarwa da a ce yana nan. Mai shi ɗaya ne.

Malam Habibu Zariya:
Yanzu kun kawo ni inda zan yi magana da zafi. Ku bar ta Amurka. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa, tun 1986 ake yin ta. Ita ma gasa ce, da alƙalai da maki da kyauta, kuma gidajen talabijin sun sha ɗauka. Da a ce akwai tashar da za ta riƙa saka na shekarun farko bayan sallar Isha'i, mu ji ƙira'ar yaran da yanzu su ne manyan alarammomi, wallahi ni zan fara biyan kuɗin dikoda saboda ita. Haka wasannin su marigayi Samanja, Usman Baba Pategi, da ya rasu a 2023. Abin da ke yawo a waya guntaye ne masu dusashewa da wani ya ɗauka daga allon gidansa.

Baban Zahra, ban janye maganata a kan awa biyun nan ba. Amma na fahimci abin da ya zaunar da kai.

Baban Zahra:
Na gode Malam. Ni kaina sai yanzu na gane. Ina kallon matar nan da firjinta ina tunanin wataƙila jikarta tana wani gari ta kunna ta ga kakarta tana dariya tana da shekara talatin. Ni mahaifiyata hoto ɗaya gare ni nata, na fasfo.

Injiniya Bala:
Akwai abin da ban faɗa ba. Lokacin da zan bar aiki, wasu kaset guda bakwai da aka ware za a zubar na roƙa aka ba ni. Suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakina, na naɗe su da leda. Biyu a jikinsu an rubuta kacici-kacici da biro, rubutuna ne, ɗaya 1986 ɗaya 1988. Injin da zai karanta su ne babu, an daina ƙera shi tuntuni, kuma ina tsoron in ba wanda bai san kansu ba ya saka su haka nan su tsinke.

Safiya A.:
Baba, don Allah kada ka bari kowa ya saka su a inji tukuna. Idan sun yi danƙo akwai yadda masu aikin adana kaset ke gasa su a ɗan ƙaramin zafi na sa'o'i kafin a karanta, kuma sau da yawa dama ɗaya ake samu a kwafe. Ka fitar da su daga ledar, tana riƙe laima, ka jingina su a tsaye kamar littattafai a wurin da ya fi sanyi a gidan. Ka ɗauki hoton gaba da bayan kowanne da rubutun jikinsa ka turo min ta akwatin sirri. Akwai sashen adana sauti da hoto a makarantarmu, ranar Litinin zan shiga da hotunan in tambayi nawa aikin zai ci.

Ɗan Zango:
Idan an ji kuɗin a faɗa a nan, ni zan sa hannu.

Maman Khalifa:
Ni ma. Kuma ina zuwa gida hutun Disamba, idan ɗauko su ne zan iya, a jakar hannu zan riƙe su ba za su shiga cikin kaya ba.

Injiniya Bala:
To madalla, Allah ya yi muku albarka. Bari jikana ya dawo daga Islamiyya, shi ya iya ɗaukar hoto da wayar nan. Akwatin ma sai ya taya ni saukowa da shi daga saman kwaba.